Ɗaukar hoton gine-ginen Garwa a kan keke: hasumiya na fitowa a karkace, sama fari fat

Ɗan_Yelwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Yayyena masu sanin hoto, shawara nake nema. Na ƙudura zagaya Garwa, garinmu na arewacin Kamaru, da keke duk ranar Lahadi ina ɗaukar gine-ginen gari da waya: masallatai, tsofaffin kantunan wajen babbar kasuwa, zaurukan ƙasa da suka rage a tsofaffin unguwanni, filin ƙwallon Rumde Ajiya, sai bakin Binuwai. Amma abin da ke fitowa bai kama ƙafar abin da ido ya gani ba. Hasumiya sai ta fito kamar za ta faɗi ta baya, bangon gini ya riƙa tsukewa ta sama. Sararin sama fari fat, gindin gini baƙi ƙirin. Waɗanda na ɗauka ina tafe kuwa duk sun yi dishi-dishi, turakun lantarki sun kwanta gefe guda.

Wayar mai megafiksel 50 ce, tana da 0.5x da 1x da 2x, da wani wuri da aka rubuta Pro. Keken mai taya 26 ne, mai giya. Laifin wayar ne ko nawa? Wane lokaci ya kamata a fita, kuma a ina ake ajiye waya a kan keke? Allah ya saka da alheri.

Malam_Mai_Hoto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Wayarka lafiya lau take. Bari in fara da hasumiyar.

Gini na tsukewa ta sama ne saboda ka kwantar da wayar baya. Ka tsaya kusa da masallaci, ka ga ƙolin hasumiya bai shiga ba, sai hannunka ya ɗaga idon kamara sama ba ka ma sani ba. Da zarar bayan wayar ya daina fuskantar bango daidai wa daida, layukan da ke tsaye sai su fara nufar juna. Maganinsa wayar ta tsaya cak kamar igiyar awon magini, kai kuma ka ja da baya har ginin ya shiga da kansa.

Yawan ja da bayan yana da lissafi. Idon 1x na yawancin wayoyi daidai yake da gilashin milimita 24 zuwa 26 na babbar kamara. Da irinsa, idan ka riƙe wayar a tsaye, nisanka da gini ya kai tsawon ginin sau ɗaya da rabi. Idan ka kwantar da ita a faɗinta, sau biyu. Hawa ɗaya na bene kamar mita 3 ne, da shi za ka kimanta tsawon komai, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Hasumiya mai mita 20 tana son mita 30, wato taku 40 na babban mutum. Da 2x sai ka ninka nisan, kuma idan da fili a bayanka shi ya fi, don yana fito da gini a kamanninsa. Rabin hoton na ƙasa zai cika da kwalta da yashi. Ka yanke shi daga baya, ko ka jira abin da zai cika shi: mai kurar ruwa, inuwar darbejiya, ko keken naka a jingine.

Ka shiga saitin kamara ka kunna layukan raga, a wayar da ke Faransanci ka nemi Grille. Ka daidaita kusurwar bango da ɗaya daga layukan tsaye kafin ka danna. Shi 0.5x ka yi hattara da shi. Yana shigo da abu da yawa, amma duk abin da ya faɗa gefen hoto yana miƙe shi, ƙaramar karkatar hannu kuma sai ya ninka ta. Amfaninsa cikin lungu ne ko ƙarƙashin barandar kantuna, waya a daidai ƙugu, a tsaye.

Inda titi ya yi ƙunci babu wurin ja da baya, ka karkata kaɗan amma ka bar fili ta kowane gefe, kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin hoton. A manhajar gyaran hoto ta Snapseed akwai Perspective, da shi za ka miƙar da bangon, shi kuma cin gefe yake yi, shi ya sa ake barin filin. Dogon gini kada ka miƙar da shi sarai, sai ya zama kamar kansa ya fi gindinsa faɗi. Mafi kyau duka, ka roƙi mai benen da ke fuskantar ginin ya bar ka ka hau. Wanda ke tsaye a rabin tsawon gini ba shi da abin karkatawa.

Sai maganar lokaci, wadda ta fi ta waya muhimmanci. Garwa na kan digiri 9 da ɗan ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, ranarmu a miƙe take hawa, kusan digiri 15 a awa guda. Tana fitowa tsakanin 5:45 da 6:30 gwargwadon wata, ta faɗi tsakanin 5:40 da 6:30. Haske mai laushi, ja-ja, minti 40 ne ko ƙasa da haka. Ba ka bukatar agogo, dubi inuwarka. Idan ta ninka tsawonka shida kana cikin zinariyar lokaci. Idan ta ninka biyu har yanzu ana aiki. Idan ta dawo daidai tsawonka rana ta kai digiri 45, koma gida ka karya kumallo. Da yamma lissafin ke juyawa: lokacin da aka kira la'asar hasken na da sauran kaifi, sai wajen 4:30 yake fara daɗi. Farin saman da baƙin gindin da kake gani aikin hantsi da tsakar rana ne, idon waya ba ya iya riƙe haske da inuwa masu nisan haka a hoto guda.

Kowane bango yana da lokacinsa. Daga Satumba zuwa farkon Afrilu rana na ratsawa ta kudu da mu, a Disamba ko da tsakar rana digiri 57 kawai take kaiwa, saboda haka bangon da ke kallon kudu ne ke shan haske, na arewa galibi yana inuwa wuni guda. Wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta takan bi ta tsakar ka, tsakaninsu kuma tana arewa, sai bangon arewa ya samu rabonsa. Masallaci ya ma fi sauƙi, tun da an san inda yake kallo. Alƙiblarmu a nan kamar digiri 61 ce daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa. Bangon mihirabi na safe ne, bayan masallaci, inda galibi harabar take, na yamma ne. Ka gwada a babban masallacin Pumpumre ka gani.

Zauren ƙasa mai zane ba ya son hasken da ya doke shi gaba da gaba, zanen ɓacewa yake ya zama shafaffe. Yana son rana ta shafo bangon daga gefe, kowane tudu ya yi inuwarsa, shatin hannun mai yaɓe ya fito, zanko da indararo su jefa doguwar inuwa. Zaure mai kallon kudu, a Disamba, ƙarfe 7 na safe: babu kamarsa.

Da wannan za ka tsara hanyarka. Da safe ka faro daga gabashin gari ka nufi yamma, rana a bayanka, fuskokin ginin da ta haska suna kallonka. Da yamma ka juya. Kilomita 10 zuwa 12 da tsayawa shida ko bakwai sun ishi awa biyu. Wanda ya jera wurare ashirin rana za ta riske shi a na biyar.

Mai_Facin_Lopere ya amsa:

Malam ya gama da haske, ni bari in taɓa keken, ɗan'uwa.

Hoton da ka ɗauka kana tafe ba zai yi kyau ba ko wace waya ce. Keke mai gudun kilomita 15 a awa yana cin mita 4 da ɗoriya a daƙiƙa. Da sassafe ko cikin inuwa waya kan buɗe idonta na 1/60 na daƙiƙa, a wannan ɗan tsakanin ka matsa santimita 7, ga girgizar hanya a kai. Dishi-dishin ke nan. Turakun da suka kwanta kuwa dalilinsu daban: waya ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya, layi-layi take karanta shi daga wannan gefe zuwa wancan, kafin ta kai layin ƙarshe ka wuce inda kake. Ko ka sa 1/1000 a Pro, dishin zai ragu amma turken ba zai miƙe ba. Ga hannu ɗaya a kan keke, birki ɗaya, 'yan moto na kutsowa ta dama da hagu. Ka sauka. Ka fita daga kwalta gaba ɗaya, ka kafe keken, ka yi numfashi biyar ko shida, don hannun da ya gama tuƙi rawa yake yi.

Maƙalin waya da ake ɗaurawa a kan keke ban ba ka shawararsa ba. Wayoyi da yawa suna da ɗan gilashi mai lilo a cikin kamara wanda ke rage rawar hannu, girgiza mai yawa na kashe shi, daga nan hoto ya riƙa rawa ko waya na ajiye. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 kan ɗaura waya a babur saboda haka. Keke ba shi da inji, amma hanyar ƙasa mai ƙunya-ƙunya tana yin nata aikin. Na biyu zafi. An ƙera wayoyi su yi aiki har digiri 35, mu kuwa Maris da Afrilu muna haura 40 a inuwa. Waya a kan keke cikin rana, fuska a kunne, minti kaɗan za ta rage haske, ta ƙi buɗe kamara, batir kuma yana tsufa da wuri. Na uku, fizge. Wurin waya ƙaramar jaka ce mai zif a ƙirji ko a ƙugu ta gaba. Ba aljihun riga ba, gumi na shiga. Ba kwandon gaba ba, ba kariyar baya ba. Ka ɗaura mata igiyar wuyan hannu, musamman a bakin ruwa. Mai babbar kamara ya goya ta a jiki cikin jaka mai soso, jikin mutum ya fi kowane kwando shanye girgiza.

Ƙura: kada ka goge idon kamara da bakin riga. Ƙurar hunturu akwai ɓarɓashin yashi a ciki, yashi kuwa ya fi gilashi tauri, gogewa ɗaya ta bar zane. Ka fara hurewa da ɗan famfon roba na masu gyaran agogo da waya, sannan ka shafa da ƙyallen tabarau mai tsabta wanda ke ajiye a leda. Ka duba shi a kowace tsayawa. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya mai da hoto kamar an ɗauka cikin hayaƙi, da dare kuma ya ja wa kowace fitila wutsiya.

Kayan tafiya: tiyub ɗaya sabo, faci da sholisho, ƙarfen cire taya biyu, ƙaramin famfo, sifana mai lamba 15 idan ƙafar keken da noti take, makullin alan 4 da 5 da 6, sarƙa da kwaɗo, ruwa lita ɗaya da rabi. Taya 26 mai faɗi ka ba ta iska bar 3 a ma'aunin famfo idan kana kan kwalta, ka rage zuwa 2.5 idan za ka gangara yashin bakin kogi. Abokan gabanka tsidau da ƙayar aduwa, a gefen hanya da gindin bishiya suke, daidai inda mai hoto ke son kafe keke. Kafin ka sake hawa ka juya kowace ƙafa ka cire abin da ya maƙale tun bai nutse ba. Idan faci ya kama, ka kankare wurin, ka shafa sholisho siriri, ka jira minti uku zuwa biyar har ya daina sheƙi kafin ka manna. Masu mannawa yana ɗanye su ne facinsu ke tashi kafin gida. Kuma ka shafa cikin tayar da yatsa, ƙayar na nan tana jiran sabon tiyub. Sarƙar keke kada a jiƙa ta da baƙin mai lokacin hunturu, mai da ƙura in sun haɗu dutsen wasa ne. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a goge saura.

Abin da Malam ya faɗa na sa rana a baya yana da wata fa'ida: idan kana fuskantar rana tana ƙasa, direban da ke bayanka shi ma ita ke cikin idonsa, ba ya ganinka.

Hajiya_Ta_Kusuri ta amsa:

Ɗana, duk abin da suka faɗa maka daidai ne, amma akwai abin da ke gaba da haske da taya, shi ne inda ba a ɗaga waya ko kaɗan.

A Kamaru da Cadi duka ba a ɗaukar barikin soja, jandarmeri, komisariya, filin jirgin sama, gidan shugaban ƙasa, da shingen bincike. A Garwa filin jirgi haɗe yake da sansanin sojan sama, wannan ɓangaren ka bar wayarka a jaka. Ofishin gwamna, ginin bankin BEAC da gidan yari su ma ka wuce su, duk kyan gininsu. Gada ita ce mai ruɗi, don kowa na sha'awarta. Kada ka tsaya a kan gadar Binuwai kana auna ta da waya. In akwai jami'i a bakinta ka gaishe shi ka tambaya, in ya ce a'a ka yi godiya ka tafi. Ko don hoton ma daga ƙasa ta fi kyau, daga nesa, da jiragen masunta a gaba. Kogin yamma yake gangarawa, saboda haka gefen gadar na gabas na safe ne, na yamma na maraice. Amma ka tambayi masunta inda dorina take kafin ka matsa bakin ruwa, kuma Agusta da Satumba, ko in an saki ruwan dam ɗin Lagdo, gaɓar da ka sani ba ita ba ce.

Mai niyyar tsallakawa Injamena ya san can ya fi tsanani. A ƙa'ida ɗaukar hoto a fili na bukatar takardar izini daga ma'aikatar sadarwa. Gadar Ngeli iyakar ƙasa ce, ba a ɗauka. Kewayen fadar shugaban ƙasa ko tsayawa ba a yi, balle hoto. Tun hare-haren 2015 a Injamena da Marwa, wanda ya tsaya a bakin kasuwa ko masallaci yana ɗaukar ƙofofi da lunguna dole a tambaye shi, kuma masu tambayar suna da hujja. Katin shaidarka ya kasance a jikinka, na ainihi. In an tsayar da kai ka sauka, ka nuna hotunan da hannunka, in an ce goge ka goge, kada ka yi gardama. Jirgin hoto marar matuƙi kuwa sai da izinin hukumar jiragen sama, kada wani ya ce maka ƙarami ne ba komai.

Fadar lamiɗo ba a shigar mata da ka. Ka kafe keke nesa da ƙofa, ka gaida dogarai, ka faɗi abin da ya kawo ka, su za su nuna maka inda aka yarda da inda ba a yarda ba, da inda ake tuɓe takalmi. Idan Allah ya kai ka Ngaundere, fadar can ta cancanci wuni guda saboda manyan rufin ciyawa da ginshiƙai masu zane. Masallaci a nemi ladan ko mai gadi, tsakanin salloli, ba mutane na sahu ba.

Zaure kuma ka tuna ƙofar gidan mutane ce. Ka yi sallama ga dattawan da ke zaune, ka ce ginin ne ya burge ka, ka tambayi wanda ya gina da shekarunsa. Sau da yawa nan za ka samu labarin da ya fi hoton. Ka tsaya ta gefe yadda cikin gida ba zai shiga ba. Mata masu wanki da yara masu wanka a kogi ba abin ɗauka ba ne, almajirai ma haka sai da yardar malaminsu. Dokar intanet ta 2010 ta Kamaru ta hana yaɗa hoton sirrin mutum ba da yardarsa ba. Kafin ka ɗauki hoton gidan wani da za ka sa a Facebook ka kashe alamar wuri a kamara, don hoton kan ɗauki adireshin inda aka yi shi. In ka samu hali ka wanke ɗaya ka kai wa mai gidan, zuwa na biyu tabarma za a shimfiɗa maka.

Ɗan_Yelwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai Malam, Yaya, da Hajiya, Allah ya ƙara girma. Saura biyu. Yanzu hazo ya sauka, ko da ƙarfe 7 sama fari ne, dutsen Tingilin ma ba a ganinsa. A haƙura sai damina? Kuma hoton da ya yi kyau a wayata, in na tura wa abokai ta WhatsApp sai ya lalace.

Sarkin_Zane_Domayo ya amsa:

Kada ka haƙura, ƙanena, canza abin ɗauka za ka yi. Hazo ƙura ce rataye tsakaninka da gini, iya nisanka iya kaurinta. Abin da ke mita 10 zai fito da launinsa, na mita 300 ya koɗe, dutse ya ɓace. Saboda haka a Disamba zuwa Fabrairu shawarar Malam ta ja da baya da 2x tana da iyaka. Watannin matsowa ne: ƙofofi, tagogin katako, ƙarfen baranda, rubutun kan kanti, zanen zaure. Hazo ma taimakonka yake a nan, yana tausasa rana, inuwa ba ta yin baƙi, kana iya aiki har ƙarfe 9. Sama kuwa fitar da shi daga hoton, ko ka rufe shi da reshen bishiya. Mu a Marwa darbejiyar bakin titi ta gama mana wannan aikin. Wani abin da hazo kaɗai ke bayarwa: rana kan zama kamar faifai, babu ƙyalli. Ka sa hasumiya ko fitilun Rumde Ajiya tsakaninka da ita, ka rage haske sosai, ginin ya fito baƙi a kan jan sama. Hoton gari daga nesa, da shuɗin sama da gajimare, na Yuni zuwa Oktoba ne, washegarin ruwa.

Ga saitin. Ka taɓa fuskar waya a kan ginin, ka danne har ta kulle, sannan ka ja alamar rana ƙasa. A Pro shi ne EV, ka sa -0.7, in bangon fari ne mai ƙyalli har -1. Dalili: wurin da ya yi duhu ana iya farfaɗo da shi daga baya, wanda ya ƙone ya yi fari babu abin da ya rage a cikinsa. ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, ka bar shi mafi ƙanƙanta, 50 ko 100. Ma'aunin launi, WB, ka kafe shi wajen 5500K, in ka bar wa waya za ta ga jan hazo ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi, jar ƙasa ta koma toka-toka. HDR, saitin da ke daidaita haske da inuwa, a nan nakan saɓa da masu cewa a bar shi kullum. Yana da amfani a ƙarƙashin baranda, inda rabi inuwa rabi rana. A bangon ƙasa mai zane kuwa inuwar da ka yi sammako dominta ita yake cikewa, kuma in mai moto ya gifta sai ya fito biyu, don hotuna da yawa yake haɗawa. Kashe shi a nan.

Megafiksel 50 ɗin, a yadda waya ta zo haɗa ɗigo huɗu take ta mai da ɗaya, ta ba ka 12.5. Ka kunna cikakken 50 idan haske ya wadata kuma ka san za ka yanke rabin ƙasa. A irin waɗannan wayoyi 2x galibi yanko tsakiyar babban idon ne, da rana ba laifi, da duhu yana lalacewa. Kada ka wuce 2x da jan yatsa, 5x da 10x zanen kwamfuta ne.

Gyara: fara da miƙar da gini, sannan yanka, sannan haske. A manhajar Lightroom akwai Correction du voile mai rage hazo, 15 zuwa 25 ya isa. In ka kai shi 60 sama zai yi dabbare-dabbare, gefen hasumiya ya yi farin zobe. Kada ka cika launi, jar ƙasa ta zama kamar manja.

WhatsApp matse hoto yake, ya rage dogon gefensa zuwa wajen ɗigo 1600, zanen bango kuwa shi ke fara tafiya. Ka danna HD kafin turawa, ko ka tura shi ta Document, ya isa yadda yake, megabait 3 zuwa 5. Na asali ka kwafe shi a kwamfuta ko katin ajiya, ka sa wa babban fayil kwanan wata da sunan unguwa. Gidajen ƙasa kowace damina raguwa suke, wasu a rushe a zuba bulo, hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin amfaninsa ya tafi.

Malam_Mai_Hoto ya ƙara da cewa:

Na yarda da gyaran Sarkin Zane kan hazo. Ƙari biyu.

Akwai ɗan lokaci bayan faɗuwar rana, daga minti 10 zuwa 25, da sama ke yin shuɗi mai duhu, fitilun gini sun kama, hasken biyu ya yi daidai. A ƙasarmu gajere ne ƙwarai, kuma kan sallar magariba yake faɗawa. Irinsa na nan da asuba, minti 25 zuwa 10 kafin fitowar rana, an idar da salla, titi babu kowa, fitilun masallaci ba a kashe ba. Hannu ba ya riƙe wannan hoton. Ka ɗora wayar a kan katanga ko dakali, ka tokare ta da jakarka, ba a kan sirdin keke ba, keke a kafe motsi yake. Ka sa mai ƙirga daƙiƙa 3 don kada dannawa ta girgiza ta, ISO 100, buɗewa rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2. In ka ga ratsi-ratsi a hoton fitilun ne ke ƙiftawa, wutarmu mai 50 ce, ka nemi wurin hana ƙiftawa a saiti ka sa 50Hz. Keken ya kasance da fitila gaba da ja a baya.

Na biyu, in kana son motsin gari ya fito, kai ka tsaya, gari ya yi tafiyar. Waya a kan dakali, 1/15, ginin zai fito tsaf, 'yan moto su zama zare-zare a gabansa. Ko ka sa 1/30 ka bi mai keke da wayar, ƙugu ke juyawa ba hannu ba, ka danna yana daidai gabanka ka ci gaba da binsa. Cikin goma ɗaya ko biyu za su yi. Da rana tsaka ba ya yiwuwa, idon waya a buɗe yake kullum wajen f/1.8, tana bukatar kamar 1/8000, a 1/30 komai fari zai yi sai an sa mata baƙin gilashi ND256. In babu shi, ka jira sai daidai faɗuwar rana, haske ya ragu sosai.